Fankar da Muka Roƙa Kada Ta Juya

Muryar Baba tana cikin kwamfutar Yaya. Haka muke faɗa a gida, kamar yadda ake cewa gero yana cikin rumbu, babu mai jin wani abin mamaki a maganar. Yaya ne ya sayo kwamfutar a Kano, ta hannu ce, farinta ya riga ya koma ruwan ƙasa, ya ɗauro ta a mota har Daura. Shekarun da aka fara shari'a ne, lokacin da hijabinmu ya sauko daga ƙirji ya kai gwiwa, aka kuma sake rubuta "ba a shiga" da sabon fenti a ƙofar gidajen da dama can ba a shiga. Da yake ɗakin Baba ne kaɗai ke da soket mai kyau, kuma rufinsa ba ya yoyo, can aka ajiye ta a kan tebur, jikin bangon da ya raba ɗakin da zaure.

Baba sana'arsa shanu. Ran kasuwar Mai'adua yana can, ran kasuwar Mashi yana can, ya dawo da yamma yana warin garke da hayaƙin mota. Kwamfuta kuwa bai ɗauke ta a bakin komai ba. In ya shigo ya tarar da ni ina koyon buga rubutu a kanta, sai ya tsaya ya ce, "Abin da ba ya cin ciyawa, ba ya haihuwa, ba ya ba da nono, shi kuka sa a gaba." Ni kuma bakina ba ya mutuwa, sai in ce ai shi ma rediyonsa ba ya haihuwa. Ya ce rediyo daban, rediyo yana kawo labari.

Wata rana da hantsi, Yaya ya zo hutu daga makarantarsa ta Zariya da wani ɗan makirfo siriri, ya dasa shi a gaban Baba ya ce ya yi magana. Baba ya ce, "Yo me zan ce mata? Mun saba ne?" Aka yi ta lallashi. Can sai ya gyara zama, ya manta da makirfon, ya shiga ba mu labarin wata jar saniya da ta ƙi hawa mota a Mai'adua. Ƙarti sun ja ta da igiya, sun tura, sun murɗe mata wutsiya, ta durƙusa ta ƙi motsi. Sai da wata tsohuwa mai tallar nono, wadda a rugarsu aka haifi saniyar, ta ajiye ƙwaryarta ta zo ta dafa wuyanta, ta yi mata magana ƙasa-ƙasa, sannan saniya ta miƙe ta hau da ƙafarta. Baba ya kai nan yana dariya, dariyar ta koma tari, Yaya ya tsayar da ɗauka. Iyakar abin da ke ciki ke nan. Babu wasiyya, babu karatu, babu ko nasiha. A bayan muryarsa ana jin taɓaryar Inna tana daka a tsakar gida, da wata kaza da ta yi ƙwai tana shela.

Baba ya rasu a ƙarshen bazara, kafin ruwan fari. Zazzaɓi ne ya dawo da shi daga kasuwa, muka ɗauka na kwana biyu ne. Ba zan tsaya a nan ba, don har yau in na tsaya ba na iya wucewa. Aka yi zaman makoki aka watse, Yaya ya koma Zariya, yayyena mata suka koma ɗakunan mazajensu. Gida ya rage daga ni sai Inna. Ita kuma ta shiga takaba, ta cire 'yan kunne da awarwaro, ta bar kwalli da lalle da turare, ba ta leƙa ko zaure.

Inna mace ce mai kunya irin ta mutanen da. Ban taɓa jin sunan Baba a bakinta ba, yana raye ko bayan ransa. "Shi" take cewa, ko "mai gidan nan". Saboda haka ba za ta taɓa buɗe baki ta ce in kunna mata muryar mijinta ba. Abin da ta ce, ranar da aka kawo wuta muna zaune, shi ne, "Ke, je ki kunna abin nan, kada ya yi tsatsa." Na ce mata kwamfuta ba ta tsatsa. Ta yi mini wani kallo da ya sa na haɗiye sauran ilimina, na tashi na kunna. Sai ga ta ta biyo ni da tsintsiya, wai shara za ta yi. Ta share ɗakin da na share da safe, ta sake share shi, ta shiga ƙarƙashin gado, ta fito. Ni da nake ganin kaina mai wayo, sai da ta fara sharar bango sannan na gane. Na nemo maganar na danna. Baba ya ce, "Yo me zan ce mata? Mun saba ne?" Inna ta tsaya a tsakiyar ɗaki da tsintsiya a hannu, ba ta motsa ba har ya yi tarinsa ya gama.

Daga ranar abin ya zama mana al'ada. In an kawo wuta, ko da safe ko da rana, sai ta ce tsatsa, ni kuma in tashi. Tsintsiyar ma daga baya ta daina yin kamar tana aiki da ita, sai ta zauna a bakin gado ta ɗora ta a cinya.

Daminar nan ina tuna ta kamar abin da na gani cikin gyangyaɗi. Ruwa ya yi yawa, darbejiyar tsakar gida ta cika da ganye har hasken da ke shigowa ɗakin Baba ya koma kore-kore. Ƙasa tana ƙamshi, tufafi ba sa bushewa, gero a gonakin bayan gari ya kai kafaɗa. Nakan kwanta a tabarma in rufe ido, muryar tana tafiya, in rasa wace daka nake ji, ta cikin sifika ce ko ta maƙwabta. Wani lokaci kazar cikin kwamfuta ta yi shela, tamu ta waje ta amsa. Sai in ji kamar yau ran kasuwa ce, Baba bai dawo ba ne kawai, anjima za a ji sallamarsa a zaure yana kakkaɓe takalmi. A irin wannan kwanciyar ne wata rana na lura labarin saniyar nan ba na dariya ba ne, tunda motar ba kiwo za ta kai ta ba. Ban faɗa wa Inna ba. Ina jin ta riga ni lura.

Akwai abu biyu da Inna ta ɗora wa kwamfutar, na yi faɗa a kansu har na gaji. Na farko turare. Ita ba ta da izinin sa turare, amma ta ce ɗakin nasa ne, kuma shi mutum ne da ba ya kwana a ɗaki ran Alhamis ba a turara shi ba. Don haka ni take sa wa in ɗebo garwashi a kasko, in zuba turaren wuta, in tura ƙarƙashin teburin, in ja ƙofa. Ba ta shiga sai hayaƙin ya lafa. Na biyu bargo. Ta ce sanyin damina zai shige ta, ta ɗauko bargon Baba ta lulluɓe akwatin kwamfutar gaba da baya, ko tana aiki ko ba ta yi. Na ce, "Inna, wannan fa numfashi take yi ta baya, kin toshe mata hanci." Ta ce shi ma mai bargon da shi yake rufe kansa, kuma bai taɓa shaƙewa ba. Wa zai ja da wannan? Sai in janye bargon in ta juya baya, ita kuma ta mayar in na fita.

Ranar da abin ya faru, bayan azahar ne. Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, amma iska ba ta taso ba tukuna, wuta kuma tana nan. Muna zaune muna ji, tsohuwa mai nono ta ajiye ƙwaryarta ke nan, sai aka saki wata tsawa da na ji ta har cikin haƙorana. Ƙwan lantarki ya yi wani fari fat ya mutu, maganar ta yanke, ruwa ya kece. Muka yi salati, muka zauna cikin duhun rana muna sauraren kwanon rufi. Babu wanda ya damu a lokacin, ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne.

Da aka dawo da wuta bayan kwanaki, na sauya ƙwai ya kama, rediyo ya yi magana, dutsen guga ya yi zafi. Na danna kwamfuta, shiru. Na sake dannawa, na cire waya na mayar, na sauya soket, na ɗan buga gefenta da tafin hannu yadda ake yi wa rediyo. Ko ɗan koren hasken nan na gabanta bai kama ba. Inna tana bakin ƙofa da tsintsiyarta, ta ce, "Ko ba ta gama hutawa ba?" Na ce wataƙila.

Tsoro ya kama ni sosai, don na san abin da Inna ba ta sani ba. Maganar nan babu ita a ko'ina a duniya sai cikin wannan akwatin. Yaya ya ce in ya zo hutu zai juye ta a faifan CD, hutun bai zo ba. Baba bai taɓa yin magana a kaset ba. Hotonsa ɗaya muke da shi, na fasfon aikin hajji, ya ɗaure fuska kamar an ɓata masa ciniki. Inna kuwa ta rage cin abinci. In an kawo wuta sai ta ɗago kai ta dubi ƙwan lantarki, ta mayar da kai.

Na je wurin mai wayar kuɗi da ke zama ƙarƙashin lema a bakin titi, na kira Yaya. Ya ce in kai ta wurin Baffa mai rediyo. Wannan abokin Baba ne tun suna yara, ba danginmu ba ne, amma Baffa muka taso muna ce masa. Da rediyo ya fara, ya koma talabijin, da kwamfuta ta shigo gari ya tafi Kano ya koyo gyaranta da furfurarsa. Na dawo gida na fara naɗe wayoyi. Inna ta ce ina za ni da ita. Na faɗa mata.

Ta ce, "An fita da shi ta ƙofar nan ina ji ina gani, ban ce komai ba. Wannan ba za ta fita ba."

Raina ya ɓaci, na ce, "Haba Inna, asibiti fa za a kai ta."

Ta ce, "Shi ma asibiti aka ce."

Na ajiye wayoyin. Na kawo shawarar a kai ta zaure kawai, Baffa ya duba ta a nan. Ta ce duk abin da za a yi sai a gaban idonta, ita kuma ba za ta zauna a zaure da namiji ba tana takaba. Shi ma ba zai shigo ba, gida babu namiji, kuma a shekarun nan kowa yana kaffa-kaffa, unguwa tana da idanu. Na koma shagon Baffa na zazzage masa duka, har da cewa tsofaffi sun fi yara rigima. Ya bar ni na gama, sannan ya tambaye ni ko 'yar tagar nan tana nan, wadda ke saman bangon ɗakin Baba, ta inda yakan amsa sallamar baƙin zaure. Na ce tana nan. Ya ce, "To shi ke nan. Ni in zauna ƙarƙashinta a zaure. Bakina, hannunki."

Washegari da hantsi ya zo, ya miƙo mini sukudireba ta tagar, na hau kujera na karɓa. Babu wuta ranar, amma ya ce buɗewa ba ta bukatar wuta. Inna ta zauna a bakin gado, ni a ƙasa, shi a bayan bango. Ya ce in kwance ƙusoshin baya in zuba su a faranti kada su ɓace, in zame murfin gefe. Ban taɓa ganin cikin kwamfuta ba. Na zaci zan ga wani abu mai ƙyalli, sai na ga ƙura da yanar gizo da wani koren allo mai 'yan gine-gine, duk ɗakin kuma ya ɗauki ƙamshin tsohon turare. Ya ce in duba sama ta kusurwa, zan ga wani akwatin ƙarfe da wayoyi masu launi suke fitowa daga cikinsa a dunƙule. Ya ce shi ne akwatin wuta. Ya sa na bi wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya ina zare su daga duk inda suka shiga, na kwance shi na fito da shi, na ɗora a kan kujerar tsuguno tsakanina da Inna. Ya gargaɗe ni kada in kuskura in buɗe shi kansa, wai yana riƙe wuta a cikinsa ko an raba shi da soket.

"Akwai fanka a jikinsa, bayan wata raga. Yaya take?"

Na ce, "Baffa, ta yi baƙi, ta yi danƙo kamar an shafa mata maɗi."

Ya yi dariya ya ce, "Wa ke yi wa kwamfuta turare sai ka ce amarya?"

Inna ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Shirun ya isa zaure, na ji Baffa ya yi gyaran murya, da ya sake magana kuma muryarsa ta sauka. Ya ce, "To, 'yata, saurara, Hajiya ma ta ji. Akwatin nan shi ke karɓar wutar gari, ya tace ta, ya raba wa kowa a ciki gwargwadon cikinsa. In hayaƙi da zafi ne suka gajiyar da shi, tsawa ta zo ta ƙarasa shi, ya mutu shi kaɗai, to alhamdu lillahi. A sayo wani a Kano a ɗaura, magana ta dawo. In kuwa yana nan da ransa, to abin wuce shi ya yi ya shiga ciki. Abin da ya shiga ciki da irin wannan ƙarfin kuma ba ya zaɓe. Faifan cikin kwamfutar da maganar take a kai, ba na ce ba, amma ba zan sa muku rai ba."

Na ce yaya za a gane. Ya ce za mu tashe shi shi kaɗai, ba tare da kwamfutar ba, mu dubi fankarsa. In ta juya yana da rai. In ba ta juya ba ya mutu.

Inna ta ce da ni, ba da bango ba, "Wato mutuwarsa za mu roƙa."

Baffa ya ji, ya ce, "Ita za mu roƙa, Hajiya."

Ta dubi akwatin, ta dubi bargon da ke ninke a gefen gado, ta ce, "Allah Ya sa ni na kashe shi." Tunda nake ban taɓa ganin mutum yana son laifi ya zama nasa kamar yadda Inna ta so a ranar ba. Har fuskarta ta ɗan washe. Ta shiga lissafo mini yadda take toshe bayan da bargo, da ranar da ta sa na ƙara turare sau biyu, kamar mai kawo shaidu. Ni da na yi wata da watanni ina faɗa a kan bargon nan, sai ga ni ina taya ta, ina cewa ƙwarai, ai kin shaƙe shi, Inna, ba shakka ke ce.

Baffa ya ce kafin a gwada sai na goge fankar. Inna ta ce, "Dole ne sai an goge?" Ya ce in ba a goge ba danƙon zai riƙe ta, ta yi mana ƙarya, mu sayo sabon akwati a banza, mu zo mu ji abin da muke gudu. Ban so ba ni ma. Amma na karyo tsinken tsintsiya, na naɗa masa tsumma, na zura ta ragar na goge fukafukan ɗaya-ɗaya, har ta zama in na taɓa ta da tsinken tana zagayawa ba gardama.

Sai jiran wuta. Kwanaki Baffa yana rufe shagonsa bayan azahar ya zo ya shimfiɗa buzunsa a zaure, masu wuta kuma kamar sun sani, suka ƙi kawowa. Don kada zaman ya yi nauyi, yakan ɗaga murya ya ba ni labarin ƙuruciyarsu da Baba, yadda suke bin shanu a ƙasa har cikin Nijar, da ranar da kogi ya cika suka kwana a kan bishiya da goran fura ɗaya. Ni yake kira da suna, amma na san ba ni kaɗai yake ba labarin ba. Muryar namiji tana saukowa daga tagar nan, ana yayyafi a waje, akwatin ƙarfe yana zaune a kan kujera kamar baƙon da ba a sallama ba. Ina jin da za a tambayi Inna a kwanakin nan, da ta ce a bar wutar kada a kawo. Ni ma haka, ko da yake kullum ni ce mai tsaki da zagin masu wuta.

Ran da aka kawo, bayan la'asar ne, rana ta fito bayan ruwa, komai yana ɗiga. Ƙwan ɗakin ya kama, unguwa ta ɗauki ihu. Baffa ya ce, "Bismillah. Sa silifas, ki goge hannunki ya bushe. Kada ki sa waya a soket sai na ce."

Ya sa na ɗauko kan wayoyin nan mafi faɗi, mai ramuka jere biyu. Ya ce in nemi koriyar waya, ita kaɗai ce koriya a cikinsu. Na same ta, siririya, ta ɓuya tsakanin baƙaƙe. Ya ce in ɗauki kilif na maƙale takarda in miƙe shi, in lanƙwasa shi biyu, in cusa baki ɗaya a ramin koriyar, ɗaya bakin a ramin kowace baƙa da ke kusa da ita. Wannan, in ji shi, shi ne ke gaya wa akwatin an ce ya tashi. Kilif ya faɗi, na ɗauka na sake. Inna ta sauko daga gado ta zauna a ƙasa kusa da ni, gwiwarta tana taɓa tawa, leɓunanta suna motsi. Na san abin da take roƙo, shi nake roƙo.

"Ya shiga?"

"Ya shiga, Baffa."

"To cire hannunki daga kilif ɗin. Sa waya a soket, ki kunna."

Na kunna. Da farko babu abin da ya faru, har na ja numfashi zan yi hamdala. Sai fankar ta ɗan girgiza, ta yi gaba kaɗan kamar mai shawara, sannan ta ɗauka. Lafiya lau, ba ƙara, ba tangarɗa, fukafukan suka ɓace suka zama inuwa, wata 'yar iska mai sanyi ta taɓa mini wuyan hannu.

Ban yi tunani ba. Ragar waya ce mai faɗin ido, na zura ɗan ƙaramin yatsana ta ciki. Fukafukan suka karce ni, suka tsaya. Ina jin ta tana turo yatsan, tana son tafiya, ni kuma na danne. Na karkata kafaɗata na tare wa Inna gani. Ban san me nake nufi ba. Wataƙila in ce ba ta juya ba, a aika Kano, mu sami wasu makonni na sa rai, ta ci abinci, ta fita takaba da ƙarfinta, sauran kuma Allah Ya san yadda zai yi da mu.

Daga zaure Baffa ya ce, "Ya ake ciki? Ta juya?"

Na ƙara danne fankar.

Inna ta ce, a hankali, "Cire yatsanki, 'yar nan."

Na ce, "Inna, ba ta..."

"Na ji iskarta kafin ki taɓa ta. Cire, kada ta yanke ki."

Na cire. Fankar ta ci gaba da juyawa kamar ba a taɓa tsayar da ita ba. Bayan Inna ta fita takaba, Yaya ya kai faifan Kano, masu gyara suka gwada shi a wata kwamfutar suka ce ya ƙone, babu abin da za a iya cirowa. Amma wannan labari ne da ya zo ya tarar da mu mun riga mun sani.

A ranar dai, Inna ta kama hannuna ta juya shi tana duba yatsan. Ɗan jini ne kaɗan a gefen farce. Ta danne wurin da bakin mayafinta, ta riƙe. Sannan ta ɗaga kai, da muryar da ta isa zaure, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Baffa bai sake tambaya ba. Na ji motsin buzunsa, na ji ya gyara zama, kamar yadda ake yi in an zo gaisuwa. Ya ce, "Hajiya, ya haƙuri? Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa."

Inna ta ce amin, ba ta saki yatsana ba.